Sabuwar Fitila a Tsohuwar Akori-kura: Wa Ke Gani, Wa Ke Makancewa a Hanyoyin Tsiga?

Da zarar Oktoba ta kama, masara ta bushe a kara, an fara casar waken soya, motocin akori-kura na yankin Tsiga sun yi ban kwana da hutu. Tsiga garin manoma ne a ƙaramar hukumar Bakori, cikin ƙasar noman da ta shimfiɗu daga Funtua zuwa Malumfashi, inda masara da dawa da auduga da waken soya suke riƙe da kusan kowane gida. Babbar mota ba ta shiga kowace gona. Tirela da Canter a bakin kwalta suke jira, ko a kasuwa. Wadda ke kutsawa ta hanyar burji, ta tsallake rafi, ta kwaso buhu daga bakin gona ta kai Bakori ko Funtua ko Dandume, ita ce akori-kura: tsohuwar Peugeot 504 da har yau take jan kaya, da Hilux, da Nissan, da L200.

Babu direban yankin da ba ya son ya ajiye mota kafin magariba, kuma kowa ya san dalili. A watan Fabrairun 2025 har cikin garin Tsiga 'yan bindiga suka shiga da dare, suka tafi da Birgediya Janar Maharazu Tsiga mai ritaya, tsohon shugaban hukumar yi wa ƙasa hidima ta NYSC, bai samu kansa ba sai bayan kusan wata biyu. Amma lodi ba ya bin agogo. Mai kaya ya makara wajen ɗinkin buhu, taya ta yi faci, ciniki ya ja a kasuwa, ko kuma a yi sammako tun da duhu don a riski masu saye. Ko an so ko an ƙi, sai an kunna fitila. Mutumin da yake gudun tsayawa a daji kuwa so yake ya hango rami, ko itacen da aka gindaya, ko wulgawar mutum, tun daga nesa.

Wannan buƙata ce ta buɗe cinikin fitila. A da in haske ya ragu, ƙwai ake canzawa a wuce wurin. Yanzu gidan fitilar gaba ɗaya ake kwancewa, a ɗaura sabo na kasuwa, wanda ba kamfanin da ya ƙera motar ne ya yi shi ba. Wani yakan dace, ya samu haske mai kyau da kuɗi kaɗan. Wani kuwa wahala ya sayo wa kansa da duk wanda zai haɗu da shi a hanya, bai ma sani ba.

Yadda fitila ke tsufa

Waɗanda suka tuƙa 404 da 504, irin waɗanda kamfanin Peugeot ya riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975, sun san fitilar gilashi. Dutse kan fasa ta, amma rana ba ta cin ta. Ka sa tsumma ka goge, ta koma garau. Motocin baya-bayan nan, irin su Hilux ɗin da ta fito daga 2005, fuskar fitilarsu roba ce mai tauri, wadda aka shafe da wani siririn magani don kare ta daga rana. Ba ta da nauyi, ba ta saurin fashewa. Sai dai ranar ƙasar nan ba ta da sassauci, ga ƙurar hunturu da yashin hanyar burji suna gogar ta kullum. Shekara kaɗan maganin ya ɓare, robar ta yi rawaya, ta dushe kamar idon mai yana. Yaron mota kuma ya zo da omo da soson ƙarfe da niyyar gyara, ya ƙara kankare ta.

Can ciki ma tsufa na aiki. Kaskon da ke bayan ƙwai, wanda ke tattara haske ya cilla shi gaba, wani siririn shafe ne na alminiyam a jikinsa. In ruwa ya samu shiga da damina, ko aka sa ƙwan da ya fi ƙarfinsa zafi, shafen sai ya ƙone ko ya ɓare. Daga nan duk ƙwan da aka sa asarar kuɗi ne.

Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta auna wannan a 2018. Fitilar da ta dushe sosai kusan kashi 22 cikin 100 kawai take bayarwa na hasken sabuwa. Da aka goge fuskar aka gyara ta, haske ya dawo zuwa wajen kashi 70. Sabuwar fitila ta kasuwa ta ba da kashi 83 zuwa 90, ta kamfanin motar kuma ta mayar da shi cif. Gwajin ya kuma nuna cewa na kasuwan sun fi yawan zuba haske a idon mai tahowa. Saboda haka direban da ya ce ba ya gani da dare ba raki yake yi ba, gaskiya ya faɗa. Abin dubawa shi ne me zai saya, kuma yaya za a ɗaura masa.

Orijina, Beljiyam ko ɗan Chana

Ka shiga shagon kayan mota a Funtua ko Malumfashi, ko ka bi ta Gwarzo ka faɗa Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, tambayar farko ɗaya ce: orijina kake so, ko Beljiyam, ko ɗan Chana? Orijina ita ce irin wadda ta zo da mota. A motocin Japan galibi za ka ga sunan Koito ko Stanley a jikinta. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, bayan janye tallafin mai, kuɗinta ya wuce aljihun mafi yawan masu jigilar hatsi. Beljiyam kuwa ita ce wadda aka ciro daga tsohuwar mota a ƙasashen waje. Orijina ce, amma ta riga ta ci wani ɓangare na rayuwarta.

Sai sababbin na kasuwa, kuma a nan ake yi wa wasu kuɗin goro ba bisa adalci ba. Akwai kamfanonin Taiwan irin su Depo da TYC da suka daɗe suna ƙera fitila, har Turai da Amurka ana sayar da kayansu bisa ƙa'ida. Akwai kuma wadda ba ta da suna ba ta da asali, sai kwali mai ƙyalli. Ita ce mai zobe fari kewaye da ƙwai, mai layin haske da ke gudu in an ba da sigina, mai baƙin ciki da ke sa tsohuwar mota ta yi fuskar sabuwa. Matasan direbobi a kanta suke mutuwa, ban kuma ga laifinsu ba a son mota ta yi kyau. Amma a cikin shago, da rana tsaka, mai kaya ya jona ta da batir ta haska ka a ido, abin da ka gani ba shi ne abin da za ka samu a hanyar Bakori da ƙarfe takwas na dare ba.

Akwai abin da mai saye zai iya dubawa da idonsa. Fitilar da ta bi ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya tana ɗauke da harafin E a cikin da'ira, da lambar ƙasar da ta tantance ta: E1 Jamus, E2 Faransa, E4 Holan, E11 Birtaniya. Ta Amurka DOT ake rubuta mata. Haruffan HC na nufin gajeren haske, HR dogo, HCR duka biyun. Masu jabu ma sun iya buga tambari, don haka ganin E ba rantsuwa ba ne. Amma fitilar da ko tambarin babu, ta riga ta faɗa maka matsayinta.

Sannan a nemi kibiya. Wannan ƙaramin zane shi ne abin da na fi so kowane direba da kowane mai wayarin ya sani, domin mutane da yawa ba su taɓa jin labarinsa ba. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilun 1972. Gajeren haske na ƙwarai ba daidai yake watsuwa hagu da dama ba. A ɓangaren hagu, inda mai tahowa yake, an yanke shi a miƙe, ƙasa da ido. A dama kuma an ɗaga shi sama, don direba ya ga mai tafiya a ƙasa da dabba da allon hanya a gefen titi. A ƙasashen da ake tuƙi a hagu, irin su Japan da Birtaniya da Tailan da Afirka ta Kudu, an juya tsarin. Ga shi kuwa Tailan da Afirka ta Kudu suna cikin manyan wuraren da ake ƙera Hilux. In aka kawo fitilar da aka yi don hanyoyinsu aka ɗaura a nan, ɓangaren da ya ɗaga sama kai tsaye idon mai tahowa zai nufa, gefen titi na dama kuma, inda jama'a suke tafiya, ya zauna a duhu. Babu juyin noti da zai gyara wannan, a jikin kaskon abin yake. Alamar irin wannan fitila kibiya ce guda kusa da tambarin E, mai nuna dama in kana fuskantar fitilar. Wadda ba ta da kibiya ita ce tamu. Mai kibiya baki biyu kuma ana iya saita ta ga kowane hannu. Haka ma motar da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu: sau da yawa sitiyarin ya ƙaura, fitilar tana nan da halinta na can.

A rumfar mai wayarin

Ka tsaya ka kalli yadda ake ɗaurawa. An buɗe bonet, an kwance ragar gaba, wani lokaci sai an sassauta bamba. Noti uku ko huɗu ne ke riƙe da fitilar. Tsohuwar ta fito, kunnenta ɗaya a karye, an daɗe da ɗaure shi da waya. Aka fito da sabuwa daga leda tana sheƙi. Ramuka biyu suka hau daidai, na ukun ya kauce da ɗan yatsa. Maigidan ya ce wa yaronsa ya danna da gwiwa, ya murɗa noti da ƙarfi har robar ta yi ƙara. Ta zauna, amma ta ɗan karkace, abin da ido ba zai lura da shi ba. Soket ɗin bai yi daidai da na motar ba, aka sa filaya aka yanke, aka murɗa waya da waya, aka naɗe da baƙin tef. Murfin robar da ke toshe bayan ƙwai ya ƙi rufuwa, aka jefa shi cikin akwatin kayan aiki. "Kunna!" Direba ya kunna. "Ba ni ful. Dim. Sigina." Duk sun kama. Aka biya kuɗi, aka yi godiya, mota ta tashi da la'asar sakaliya.

A bayan fitilar nan akwai wasu noti biyu, ɗaya na ɗaga haske sama da ƙasa, ɗaya na kai shi hagu da dama. Babu wanda ya taɓa su. Murfin da aka jefar kuwa, ta gurbinsa ƙura za ta shiga da rani, ruwa da damina, kafin kaka ta zagayo sabuwar fitila ta fara gumi a ciki.

Ba raina masu wayarin nake yi ba. Mafi yawansu da hannu suka koyi sana'a, kuma suna tayar da motocin da a wata ƙasa da tuni an kai su bola. Aikinsu da rana ne, saitin fitila kuwa yana son duhu da fili mai shimfiɗa da bango, sannan babu wanda ya saba biyan kuɗinsa. Har ma akwai gyaran da ya kamata a fara yi kafin a je shago. A tsohuwar mota wuta tana ratsa doguwar waya da makunni mai tsatsa kafin ta kai ga ƙwai, tana raguwa a hanya. Ƙwan halojin in ya rasa kashi 10 cikin 100 na ƙarfin wutar da ya kamata ya samu, haskensa na faɗuwa da kusan kashi 30. A kankare wayar da ke kama jikin mota, a sa rile da waya mai kauri da fiyus daga batir, sai ka ga fitilar da aka yanke wa ƙauna ta farfaɗo. Maimakon haka sai a cire ƙwan H4 mai wat 60 da 55 a sa mai 100 da 90. Yana jan wuta kusan ninki biyu, ya narkar da soket, ya ƙona kasko.

Farin haske da nauyin buhu

Yayin da ake ciki yanzu shi ne ƙwan LED mai fanka a gindi, da wanda ake kira zenon. An ƙera kaskon halojin ne domin siririn zare guda mai ci, wanda ke zaune a wani ɗigo na musamman. Kowane lanƙwasa a jikin kaskon da wannan ɗigon aka auna shi. In aka sa abin da haskensa ke fitowa daga wani wuri daban, ko da kaucewar ba ta kai ƙwayar gero biyu ba, layin da ke raba haske da duhu sai ya watse. Gaban bamba ya yi fari fat, rassan bishiya su haskaka, direba ya ji daɗi. Amma hasken da ya yi yawa a kusa yana sa ƙwayar ido ta tsuke, ganin nesa ya ragu. In hazo ya sauko a Disamba da Janairu, hasken da ya tashi sama ƙura yake bugawa ya dawo wa direban a fuska. Motocin da suka zo da LED ko zenon daga kamfani, gidan fitilarsu domin shi aka ƙera, shi ya sa nasu ba ya yin haka in an saita. A Birtaniya tun daga Janairun 2021, motar zamani da aka cusa wa irin wannan ƙwai a gidan halojin faɗuwa take yi a gwajin lafiyar mota na shekara. Faransa kuwa tun daga shekarun 1930 har zuwa 1993 fitila mai ruwan ɗorawa ta wajabta wa motocinta, kuma har yau tsofaffin direbobi na yabon irin wannan haske saboda ba ya soka ido.

Yanzu a ƙara lodi a kai, domin a nan akori-kura ta bambanta da ƙaramar mota. A jikin fitila mai tambarin E akan rubuta 1% ko 1.2%. Ma'anarsa, haske ya sunkuya da santimita 10 ko 12 a kowace mita 10. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Hilux kusan mita 3 ne. In aka jibga buhunan masara, kowane kilo 100, har baya ya zauna da santimita 10, gaban motar ya ɗaga da fiye da kashi 3 cikin 100. Ke nan hasken da aka tsara ya sunkuya da kashi 1 yanzu hawa yake da kashi 2. Fitilar tana kusan mita 1 daga ƙasa. A tazarar mita 25 hasken ya kai mita ɗaya da rabi, daidai fuskar mai babur. Direba yana kan dim, mai tahowa yana ta ƙyafta masa fitila a zaton ful ne, shi kuma ya fusata ya ba shi ful ɗin na gaske. Wasu motocin suna da ɗan maɓalli mai lamba 0 zuwa 3 kusa da sitiyari na sunkuyar da haske in an yi lodi, amma yawancin fitilun kasuwa masu araha ba su da injin da ke amsa masa.

Su wa ke kan hanya a wannan lokaci? Mai babur ɗauke da matarsa da goyo, mai keke da damin kara, amalanken shanu da ba ta da ko ƙyalle mai ƙyalli a baya, yaran da ke koro awaki gida, da babbar motar da ta mutu a tsakiyar titi, an jera mata ganye a matsayin gargaɗi. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Direban da aka kashe wa ido na daƙiƙa uku ya yi tafiyar fiye da mita 60 a makance, kuma idon dattijo ya fi daɗewa kafin ya dawo. Wanda ya jawo abin ya wuce abinsa, bai ma ji ƙara ba. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a lamarin: mai fitilar ba mugu ba ne, tsoron dare ne ya sa ya saye ta, amma a idon maƙwabcinsa ake cire kuɗin.

Bango da igiya

Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da 'yan VIO, da KASSAROTA ta jihar Katsina, galibi da rana suke tsayawa a hanya. Abin da ido zai tabbatar a lokacin shi ne ko fitila na kamawa, ba inda take kallo ba. Tace kayan da ke shigowa ƙasa aikin hukumar SON ne, kuma ya kamata fitilar ƙasashen da ake tuƙi a hagu da marar tambari su tsaya tun a tashar jirgin ruwa. Amma manomin Tsiga ba zai jira wannan ba kafin ya kai masararsa kasuwa.

Abin da ke hannun mutanen gari ba shi da tsada. Wanda fitilarsa ta dushe ya fara da wayarin da gogewa. In dole sai sabuwa, ya ɗauki marar ado mai sunan kamfani, mai E babu kibiya, ya sa mata irin ƙwan da aka rubuta a jikinta, kada yatsa ya taɓa gilashin ƙwan, a mayar da murfin baya. Ya sayi biyu tare, don kada ido ɗaya ya fi ɗaya. Sannan kada ya cika kuɗin aiki sai an saita.

Saitin kuwa a tasha ya fi dacewa a yi shi, kuma shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW a Bakori da Funtua da Malumfashi suna da ikon sa a yi, tunda su ke ba da layi. Bango ɗaya ake nema da fili mai shimfiɗa a gabansa. Bayan magariba a ja igiya mai tsawon mita 10 daga bango, a tsayar da mota a bakinta, taya cike da iska. A auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a zana shi a bango da alli ko gawayi, a sake zana wani layi ƙasa da shi da santimita 10 ko 12, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin fitilar. A kunna dim, a rufe ido ɗaya da buhu, a juya noti har bakin hasken ya kwanta a layin ƙasa, sannan a koma ɗaya idon. In hasken ya ɗaga ta hagu, ko ya ƙi yin layi sam, wannan fitila ta koma shago. Motar da aikinta ɗaukar hatsi ne, a sake duba ta ranar da take da lodi, a ƙara sunkuyar da hasken gwargwadon yadda baya ya zauna. Mai wayarin da ya iya ba zai wuce minti 15 a kan mota ɗaya ba.